Likita Mila Na Zariya

Mutanen Zazzau da ke zaune a nan Kudu, ko a Agege ko a Sabo ta Ibadan, da wuya a sami wanda bai san Wusasa ba. To, tarihin wannan unguwa ba ya cika sai an ambaci Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila.

An haife shi a Ingila cikin 1872. Da ya gama karatun likita sai ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., aka tura shi Tarabulus ya koyi Hausa wurin fatake da alhazai. Cikin 1900 suka iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarkin Kano Alu bai ko bari sun huta ba, ya ce su fice masa daga gari. Suka koma Girku, can ɗayansu ya mutu.

Sai 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Masu karɓar magani da yawa, masu karɓar addinin kuwa ba su taka kara sun karya ba. Ba abin mamaki ba ne, don wanda duk ya bi shi ya san abin da zai tarar: dangi su juya masa baya, aure ya mutu, gado ya kuɓuce, kuma a riƙa nuna shi da baki a kasuwa.

Cikin 1913 waɗansu Isawa suka zo wurinsa. Su ne jikokin almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa, mabiyansa suka watse har Ningi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta. Ashe wurin da ƙudan tsando. Ciwon barci ya yi musu ɓarna ƙwarai, waɗanda suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya. Daga cikin zuriyarsu ne aka sami Farfesa Ishaya Audu.

Shi kansa Mila bai sha da daɗi ba. Mutum ne mai kafiya, ba ya ɓoye abin da ke ransa, saboda haka bai daidaita da sarakuna ba, bai kuma daidaita da Turawan mulki ba, su da ba su son a taɓa musu ƙasar Musulmi. Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, abin da bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932.

Bai taɓa aure ba. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952, yana da shekara 80.