Alfared Bine, mutumin da ya auna basirar ƴan lakwal

An haifi Alfared Bine ran 8 ga watan Yuli na shekara ta 1857 a garin Nis, bakin teku, kudancin Faransa ta yau. Ubanshi likita ne, uwarshi kuwa mai zane ce. Tun yana ƙarami iyayen suka rabu. Uwar ta riƙe shi, daga baya ta tafi da shi birnin Pari. Can ya yi lakwal, ya karanci shari'a, ya samu takardarshi a 1878, amma aikin shari'a bai kwanta mashi a rai ba.

Wani sabon ilimi ne ya ja hankalinshi, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Tun zamanin da masana suke tambaya yadda mutum ke gani, da yadda yake tunawa, da abin da ke sa shi mantuwa. Sai dai kowa yana faɗin ra'ayinshi ne, babu gwaji. A 1879 wani malami Bajamushe mai suna Wunt ya buɗe ɗakin gwaji na farko don wannan ilimi a garin Laifzig. A nan ake auna, misali, ɗan lokacin da ke tsakanin jin ƙara da motsa yatsa. Shi Bine babu malamin da ya koya mashi. Babban gidan littattafai na Pari yake zuwa, ya wuni yana karatu shi kaɗai.

A 1883 ya shiga aiki wani babban asibitin Pari, ƙarƙashin mashahurin likita Sharko. Likitocin wurin suna sa marasa lafiya wani irin barci da magana kawai. Bine da abokin aikinshi suka ce sun gano abin mamaki: in aka kawo mayen ƙarfe kusa da mai wannan barci, motsin da yake yi da hannun dama sai ya koma hannun hagu. Suka rubuta, suka baza. Wani masani na ƙasar Beljik mai suna Delbef ya zo ya duba da idonshi. Ya lura likitocin suna faɗin abin da suke jira a gaban marasa lafiyar, su kuwa suna ji, sai su yi abin da ake so. Mayen ƙarfe bai yi kome ba. Bine ya yi gardama har ya gaji, daga ƙarshe ya yarda an fi shi gaskiya. Ya bar asibitin a 1890 da kunya, amma ya fita da sani guda: mai tambaya yana iya sa amsa a bakin wanda yake tambaya, ba tare da shi kanshi ya sani ba.

Sai ya koma gida ya zuba ma ɗiyanshi mata biyu ido. Yana ba su ƴan tambayoyi, yana rubuta amsarsu, shekara da shekaru. In ya ba su abu ya ce su bayyana shi, babbar sai ta faɗi tsawonshi da launinshi dalla-dalla, ƙaramar kuwa ta ƙago labari a kanshi. Dukansu masu basira ne, amma kowace da hanyarta. A 1894 ya zama shugaban ɗakin gwaji na jami'ar Sorbon, kuma ba a biyan shi albashi.

A lokacin nan dokar 1882 ta riga ta tilasta ma kowane yaron Faransa karatu daga shekara 6 zuwa 13. Aji ya cika, aka ga akwai yaran da ba su iya bin sauran. Wa zai ce wannan ciwo gare shi, wancan ƙyuya ce, wancan kuwa kunya ce ta hana shi magana? Malami yana iya tsanar yaro ya ce daƙiƙi ne. A 1904 ministan ilimi ya kafa kwamiti a kan wannan matsala, Bine yana ciki.

Da shi da wani matashin likita, Tewodor Simon, sun riga sun gwada auna kawunan yara. Suka tarar bambancin kan mai ƙoƙari da na marar ƙoƙari bai taka kara ya karya ba, suka bar wannan hanya. A 1905 suka fito da gwaji mai tambayoyi 30, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da farko ana kunna ashana a ga ko yaro zai bi wutar da ido. Gaba kaɗan a ba shi abubuwa biyu ya faɗi wanda ya fi nauyi. Can gaba a tambaye shi bambancin ƙuda da malam-buɗe-littafi. A 1908 suka gyara shi, suka jera tambayoyin bisa shekaru. Ɗan shekara 3 ya nuna hancinshi da idonshi da bakinshi, ɗan shekara 8 ya ƙidaya da baya daga 20. In yaro mai shekara 9 bai wuce tambayoyin ƴan shekara 6 ba, an san yana bukatar aji na musamman.

Nan ne Bine ya bambanta da masana da yawa na zamaninshi. Su suna cewa basira gado ce, ba ta ƙaruwa. Shi kuwa wannan magana tana ɓata mashi rai ƙwarai. A ganinshi gwajin yana nuna inda yaro ya tsaya yau kawai, bai nuna inda zai kai ba. Har ya shirya ma yaran da ke baya wasannin horar da hankali, kamar su tsaya cik ba motsi, ko su kalli abubuwa da yawa na ɗan lokaci sa'an nan su faɗe su da ka.

Ya rasu a Pari ran 18 ga watan Oktoba na 1911, yana da shekara 54, jim kaɗan bayan ya sake gyara gwajin karo na biyu.

A ƙasarshi ba a damu da aikin sosai ba. A Amurka ne ya samu karɓuwa, aka juya shi da Ingilishi, a 1916 malam Terman na jami'ar Stanford ya fito da nashi gyaran. Amma can sai aka mai da sakamakon lamba guda da ake liƙa ma mutum har mutuwarshi. Aka gwada baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa, waɗanda ba su san ƙasar ba, ba su jin harshenta, aka ce da yawansu ba su da hankali. Ku duba da kanku: in aka tambayi yaron Tawa ko na Damagaram abin da ya shafi titunan Pari, cikin harshen da bai ji ba, ai shiru zai yi, alhali ya san sunan kowace akuya a garken gidansu. Simon ya rayu har 1961, kuma bai taɓa yarda da wannan lamba ba.