Alhasan Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciko Yadda Ido Ke Gani

Tarihin wannan mako na Abu Aliyu Alhasan Ibnul Haisam ne, wanda Turawa ke kira Alhazen. An haife shi a birnin Basara ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, watau 965 ta Miladiyya. A can ya tashi, ya yi karatu, har sunansa ya fita wajen lissafi da ilmin taurari. Ibnu Abi Usaibi'a, wanda ya tara tarihin likitoci, ya sa shi cikin jerinsu, ya kuma bayyana cewa ya san tushen ilmin likita ƙwarai, har ya taƙaita littattafan Jalinusu, babban likitan Yunanawa, amma bai zauna yana duba marasa lafiya ba.

Masu tarihi, musamman Ibnul Ƙifɗi, sun ruwaito yadda aka yi ya koma Masar. Labari ya kai kunnen Halifa Alhakim na daular Faɗimiyya cewa akwai wani malami a Basara da ke ganin zai iya yi wa kogin Nilu dabara, a riƙa cin amfanin ruwansa ko ya cika ko ya janye. Halifa ya aika masa da dukiya, ya zo, aka haɗa shi da magina suka bi kogin ya kudu har wani wuri da ake kira Janadil, kusa da Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfinsa, ya kuma dubi gine-ginen mutanen da, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa. Ya komo ya faɗi gaskiya. A wannan yankin ne dai aka gina madatsar ruwa a 1902, aka kuma gama babbar a 1970, shekara ɗari tara da ɗoriya bayan tafiyarsa.

To, Alhakim kuwa sarki ne da ba a san inda zuciyarsa za ta faɗa ba, ya kashe manyan ma'aikatansa da yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka ba Ibnul Haisam wani muƙami, shi kuwa tsoro bai bar shi ya sake ba, sai ya ɗora wa kansa haukan ƙarya. Aka kulle shi a gida, aka riƙe dukiyarsa, har shekara ta 1021 da Halifa ya fita da dare wajen dutsen Muƙaɗɗam bai komo ba. Sa'an nan ne ya nuna lafiyarsa lau. Ya tare kusa da masallacin Azhar, yana cin abinci da alƙalaminsa. An ce kowace shekara yakan kwafi littafin Iƙlidis na lissafi da na Baɗlaimus na taurari da wasu na tsakaninsu, ya sayar dinari 150, shi ne guzurinsa na shekara.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani. Kafin zuwansa malamai sun rabu. Masu lissafi, mabiya Iƙlidis da Baɗlaimus, suna cewa wani haske ne ke fita daga ido ya tafi ya taɓo abin da ake duba. Suna da zane da awo masu kyau, amma ba ruwansu da yadda cikin ido yake. Likitoci kuma sun san tantanin ido da ruwayensa da jijiyoyinsa, sai dai ba su auna kome ba, kuma su ma suna ganin wani ruhi ne ke gangarowa daga ƙwaƙwalwa ya fita ta ido. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin magana. Ibnul Haisam shi ya zauna ya haɗa ilmin biyu wuri guda, dalili kuwa ya karanci kowanne har ya ƙoshi.

Hujjarsa ta fari mai sauƙi ce, kowa na iya jarrabawa. Wanda ya ɗaga kai ya dubi rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya ƙura wa farin abu mai haske ido sa'an nan ya juya wajen duhu, zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Ashe wani abu ne ke shigowa daga waje ya yi aiki a ido. Bai tsaya nan ba. Ya jera fitilu a gaban wani ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar kafa ɗaya, sai ga ɗigon haske a bangon ciki daidai yawan fitilun, kowanne yana fuskantar fitilarsa ta miƙaƙƙen layi. In ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Da haka ya nuna haske miƙe yake tafiya, kuma haskoki suna ratsa kafa ɗaya ba su cakuɗe ba. Irin wannan gwaji shi yake kira i'itibari, yakan kuma bayyana yadda za a ƙera kayan gwajin dalla-dalla, don mai shakka ya yi da hannunsa. Gani ya kori ji.

Amma fa sauran wata matsala mai wuya, wadda ta hana wasu na gabansa yarda da shigowar haske. In kowane ɗigo na jikin abu yana watsa haske ta ko'ina, to kowane wuri a fuskar ido yana karɓar haske daga ko'ina ke nan, ina za a sami sura tsararriya? Amsarsa ita ce, cikin duk hasken da ke fitowa daga ɗigo ɗaya, wanda ya faɗo wa ido a tsaye cak shi ke wucewa bai karkace ba, shi ne kuma mai ƙarfi. Saboda haka kowane ɗigo na waje yana da ɗigo ɗaya tak da ya dace da shi a ciki. Wannan ƙa'ida ta ɗigo da ɗigo ita ce tushen da na baya suka yi gini a kai. Ya ƙara da cewa ido haske da launi kawai yake karɓa. Sanin nisa da girma, da gane fuskar aboki, aikin hankali ne da sabo, wanda ke gudana da sauri har mutum bai lura ba. Kashi na uku na littafin ma kacokan a kan kurakuran gani ya yi shi.

Akwai inda ya yi kuskure, kuma ya kamata mai karatu ya san wurin. Siffar cikin ido daga littattafan likitoci ya ɗauko ta, ya bi su a kan cewa ƙwayar nan garai-garai mai kamar ƙanƙara da ke bayan baƙin ido, wadda Larabawa ke kira jalidiyya, ita ce ke fara jin haske. Alhali kuwa aikinta tattara haske ne kawai. A 1604 ne Johannes Kepler, Bajamushe, ya nuna sura tana sauka ne a kan shabakiyya, tantanin da ke can bangon baya, kuma a kife take sauka. Abin mamaki, a Masar ɗin nan, a zamanin Alhakim ɗin nan, akwai likitan ido Ammar ɗan Aliyu mutumin Mausil, wanda ke zuƙe yanar ido da allura mai rami. Likitocin lokacin sun ɗauka wani ruwa ne ya sauko gaban jalidiyya, ba su san ita kanta ce ta dushe ba. Da sun gane haka, da majinyatan da suka sami gani bayan an kawar da ita sun isa hujja. Mutumin da ya rubuta littafi sukutum yana tuhumar Baɗlaimus, a nan ya karɓi maganar Jalinusu bai gwada ba.

Ya yi wasu rubuce-rubuce masu yawa, har da maƙala kan fitar da alƙibla ta hanyar lissafi, da wata kan surar rana lokacin kusufi. Ya rasu a Alƙahira wajen 430 bayan Hijira, kusan 1040. Allah ya jiƙansa.

Littafin ya daɗe ba a kula da shi sosai a ƙasashen Musulmi na gabas ba, sai wajen 1300 da Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir a birnin Tabriz, har ya bayyana asalin bakan gizo ta gwaji da ƙwallon gilashi cike da ruwa. A Turai kuwa tun wajen 1200 aka juya shi da Latinanci, Roger Bacon da Witelo suka sha daga gare shi, aka buga shi a Basel a 1572, bugun da ya kai hannun Kepler. Masu karatun Larabci na zamani sai a 1942 da 1943 suka sami cikakken nazarinsa, lokacin da Mustafa Nazif, malamin kimiyya a jami'ar Alƙahira, ya bi rubutun hannu ya fitar da mujalladi biyu a kansa.