Roger Stanier, Mai Bin Sawun Bakteriya

Ga tarihin wani masani wanda ba a cika jin sunansa a aji ba, amma aikinsa ya shafi ruwan da muke sha. Sunansa Roger Stanier.

An haife shi a birnin Victoria na ƙasar Kanada ran 22 ga Oktoba, 1916. Ya yi karatu a Jami'ar British Columbia, sa'an nan ya ƙetara Amurka, ya zauna hannun wani babban malami, C. B. van Niel, har ya sami digirin dakta a Jami'ar Stanford cikin 1942. Cikin 1947 ya kama koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley.

Kafin in faɗi abin da ya gano, bari in kawo misali daga gida. Mu a Dagona, kowace shekara ruwa kan malale fadama, ganye da kachalla da itace su ruɓe su koma ƙasa. To, a jikin itace akwai wani sinadari mai tauri wanda aka gina da zobba, kowane zobe ƙwayoyin kabon shida ne riƙe da juna. Irin zoben nan yana cikin man fetur da wasu magungunan ƙwari. Funfuna ke fara farfasa itacen, bakteriya kuwa su ƙarasa zobban da makamansu da a ke kira enzayim.

Abin da ya dami Stanier shi ne, ta wace hanya su ke yin wannan aiki, ga shi ido ba ya gani? Ya san bakteriya ba ta ƙera enzayim na irin wannan abinci sai abincin ya zo mata. Cikin 1947 sai ya fito da dabara. Ya reni bakteriyar Pseudomonas a kan sinadari guda, sa'an nan ya ba ta wani. In ta kama ci nan take, watau sinadarin yana kan hanyar da ta saba bi. In ta yi jinkiri, ba ya kai. Kamar falken da ya saba Nguru zuwa Gashuwa ne: kowane zango na hanyar ya san shi, amma in aka kauce da shi, sai ya tsaya tambaya. Da haka Stanier ya riƙa jera zangunan bi da bi.

Cikin 1966 shi da ɗalibinsa Ornston suka bayyana yadda a ke tsinke zoben ta rassa biyu, su haɗu wuri guda, su zama abincin bakteriya. Cikin shekarun 1970 wasu masana suka gano cewa ƙwayoyin gadon wasu enzayim masu cin zobe suna kan wani ɗan zare dabam, wanda bakteriya kan miƙa wa 'yar'uwarta.

Stanier malami ne kuma. Littafin da ya rubuta da abokansa biyu cikin 1957, The Microbial World, ya daɗe a hannun ɗalibai. Cikin 1971 ya koma Cibiyar Pasteur a Faris, ya duƙufa kan bakteriyar nan mai sa ruwan tafki ya yi kore. Ya rasu a Faransa ran 29 ga Janairu, 1982, yana da shekara 65.

Ni a ganina, gobe in mun shiga aji, mu gaya wa yara ma'aikatan nan na ɓoye suna da iyaka. Zoben da aka liƙa wa kulorin, irin na maganin DDT, kan shekara da shekaru bai narke ba. Saboda haka mai injin ban-ruwa kada ya tuttular da baƙin mai a fadama, mai feshi kada ya wanke tulunsa a tafki, domin a nan kifi da tsuntsaye da mu kanmu muke sha.