Tarihin Richard Gershon, Malamin da Gaskiyarsa ta Fito Bayan Rasuwarsa

An haifi Richard Gershon a Amurka cikin shekarar 1932. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, sa'an nan ya sami digirin likita a Jami'ar Yale a 1959, inda daga bisani ya zama shaihin malami a fannin nazarin cututtuka.

A wancan zamani, masana sun ɗauka cewa aikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira T shi ne yaƙi kawai, wato su far wa duk wani baƙon abu da ya shiga jiki. To, a 1970 sai Gershon da abokin aikinsa Kondo suka yi gwaji da ɓeraye da jinin tumaki, suka gano cewa a cikin waɗannan ƙwayoyi akwai masu hana 'yan'uwansu faɗa. A 1971 kuma suka nuna cewa idan aka ɗebi ƙwayoyin daga ɓeran da ya daina faɗa aka zuba wa wani, shi ma sai ya daina.

Da farko wannan ra'ayi ya sami karɓuwa ƙwarai. Amma a farkon shekarun 1980 aka binciki sashen ƙwayar gado da ake zaton shi ke ɗauke da alamar waɗannan ƙwayoyi, aka tarar babu ita a wurin. Nan da nan masana suka juya wa fannin baya. Ana cikin wannan hali ciwon dajin huhu ya kama Gershon, ya rasu a 1983 yana da shekara 50.

Sai a 1995 wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, ya fito da alamar da ake gane ƙwayoyin da ita. Yanzu an tabbatar cewa su ke tsawata wa garkuwar jiki don kada ta cinye jikin da take tsaro. Sai dai ciwon daji yakan tara su a kewayensa, su kwantar da mayaƙan da suka zo kashe shi. A 1999 aka nuna cewa idan aka kawar da su daga jikin ɓera, garkuwarsa takan tashi ta murƙushe ƙarin.

A 2025 Sakaguchi da wasu masana biyu suka sami Kyautar Nobel saboda wannan aiki. Gershon bai ga wannan rana ba. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, rushewar hujja guda ba ta isa a binne magana gaba ɗaya ba, domin komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.