Denis Burkitt: Likita Mai Ido Ɗaya da Ya Gano Sankarar Yaran Afirka

 

Bari in fara da tambaya. A ce yau kin wayi gari kin ga kumatun ɗanki ɗan shekara 6 ya ɗan tasa, ba zazzaɓi, ba kuka, me za ki ce? Yawancinmu cewa za mu yi hangum ne, ko ciwon haƙori, a shafa ɗan magani a jira ya sace. Sau da yawa kuwa hakan ne. Amma akwai wani kumburin da ba ya sacewa, kullum sai ƙaruwa, haƙora su fara girgiɗi, wani lokaci har ido ya turo waje. Wannan wani nau'i ne na sankarar jini, kuma duk duniya da sunan mutum ɗaya ake kiransa, wato Denis Burkitt. Tarihinsa na kawo miki yau, don ki ga yadda 'yar takarda ɗaya da ya rubuta ta buɗe ƙofofin ilimi masu yawa.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin tsibirin Ailan. Mahaifinsa ma'aikacin safiyo ne, amma yana da wata sha'awa ta daban: yakan kama ƙananan tsuntsaye ya sa musu zobe a ƙafa, ya saki, sannan ya riƙa zana wa kowanne iyakar wurin da yake yawo a kan taswira. Riƙe wannan a ranki, don za ki ga inda ɗan ya yi gado.

Yana ɗan shekara 11 wani yaro ya jefe shi da dutse, ya rasa idonsa na dama. Hakan bai hana shi karatu ba. Ya shiga jami'ar Trinity da ke Dublin da niyyar zama injiniya, daga baya ya koma fannin likita, ya gama a 1935, ya kuma zama ƙwararren likitan fiɗa a 1938. Da ya nemi aiki a Afirka, da farko ƙin ɗaukarsa aka yi, kuma rashin idon nan na cikin dalilai. Sai ya shiga aikin likitan soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi Kenya da Somaliya. A 1943 ya auri wata nas mai suna Olive, wadda ta haifa masa 'ya'ya mata uku. Bayan yaƙi, a 1946, ya samu abin da yake so, aka tura shi Yuganda. Ya fara da garin Lira, sannan aka mai da shi asibitin Mulago da ke Kampala.

To, a nan labarin ya soma. A 1957 wani abokin aikinsa, Dakta Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani. Bayan 'yan makonni yana ziyarar aiki a asibitin garin Jinja, sai ga wani yaron da irin kumburin sak, har da ƙari a ciki. Wani likitan da sai ya ce dace ne kawai, ya wuce. Shi kuwa sai ya koma ya tono tsofaffin fayilolin asibiti. Abin da ya gano shi ne, ƙarin da ake gani a muƙamuƙin yara, da na ƙoda, da na ido, da na ƙwan haihuwar yara mata, waɗanda ake ɗauka cututtuka ne daban-daban, ashe duk cuta ɗaya ce.

A 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, British Journal of Surgery. Kin san me ya faru? Kusan ba wanda ya kula. Sai a 1961, da ya sake bugawa a mujallar Cancer ta Amurka tare da Dakta Gregory O'Conor, duniya ta waiwayo. O'Conor da abokan aikinsa masu binciken tsoka ne suka tabbatar cewa ciwon daga fararen ƙwayoyin jini yake tasowa, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa, masu yaƙi da cuta a jikinmu. Daga nan aka sa shi cikin dangin sankarar jini.

Tambaya ta gaba ita ce, a ina da ina ake samun cutar? Burkitt ba shi da ɗakin bincike, ba shi da manyan na'urori. Tallafin da ya fara samu bai wuce fam 25 ba. Da shi ya buga takardu masu ɗauke da hotunan yaran, ya aika wa asibitoci kimanin 1,000 a faɗin Afirka ta gidan waya, yana tambaya ko suna ganin irin wannan. Ai matambayi ba ya ɓata. Duk amsar da ta zo sai ya soka fil a kan taswira, kamar dai yadda mahaifinsa ke yi da tsuntsaye. Sannu a hankali sai ga fil sun yi ɗamara a tsakiyar nahiyar, daga yamma zuwa gabas, da wata jela da ta gangara kudu ta gaɓar gabas.

Bai tsaya nan ba. A ƙarshen 1961 shi da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka hau wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi tafiyar mil 10,000 cikin mako 10, suka ziyarci asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Suka gano cewa cutar ba ta hawa tudu mai sanyi. Inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15 da wuya a gan ta. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma, ciki har da Nijeriya da Gana, sai ya ƙaro wani sani: ta fi yawa a wuraren da ruwan sama ke da yawa, kamar kudancin Nijeriya, tana kuma raguwa idan an nufo arewa mai ƙarancin ruwa. Zafi da damshi, kin ga ai gidan sauro ke nan. Daga baya bincike ya nuna cewa taswirar cutar ta yi daidai da ta wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Yanzu dubi 'ya'yan da wannan aiki ya haifa.

Na farko, a watan Maris na 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai binciken ƙwayoyin cuta, Anthony Epstein. Ya roƙi a riƙa aiko masa da 'yan yankan ƙarin daga Kampala ta jirgin sama, Burkitt kuwa bai yi rowa ba. Kusan shekara 3 Epstein na nema bai ga komai ba. Sai a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ba da sanarwa a mujallar Lancet cewa sun ga wata ƙwayar bairos a ciki, wadda yanzu ake kira Epstein-Barr. Ita ce bairos ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. Kada hankalinki ya tashi: fiye da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, kuma yawancinsu ba ta yi musu komai. Haɗuwarta da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa ce ke ƙara wa yaro haɗari.

Na biyu, magani. Ƙarin nan yana cikin mafi saurin girma a jikin mutum, yana iya ninka kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, fiɗa kuma ba ta raba yaro da shi. A lokacin babu na'urar gashi a Yuganda. Sai Burkitt ya nemi magungunan sankara irin su methotrexate da cyclophosphamide, kamfanoni suka ba shi kyauta. Abin mamaki, wasu yaran kumburin ya narke cikin 'yan makonni, wasu ma suka warke sarai. Wannan na cikin hujjojin farko da suka nuna cewa magani kaɗai na iya warkar da sankara. A nan Nijeriya ma, a asibitin koyarwa na Badun, Farfesa Victor Ngu, ɗan ƙasar Kamaru, ya yi irin wannan aiki, kuma a 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba babbar lambar yabo ta Lasker a Amurka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarar ce kuma aka zaɓi Burkitt cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila, Royal Society.

Na uku, daga 1972 zuwa 1982 masu binciken ƙwayoyin gado suka gano cewa a cikin wannan ƙari wani yanki na ƙwayar gado yakan ɓalle ya manne a inda ba wurinsa ba, sai ya kunna wa ƙwayar jini umarnin hayayyafa ba tsayawa. Wannan sani ya haska hanyar fahimtar wasu sankarorin da yawa.

A 1966 Burkitt ya koma Ingila, amma ɗabi'ar kwatanta wuri da wuri ba ta bar shi ba. Ya lura cewa sankarar hanji, da basir, da taurin bayan gida sun yi wa Turawa yawa, alhali ba kasafai ya gan su ga mutanen karkarar Afirka ba. Ya danganta hakan da cin hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, da wake, da ganye. Ya buga bayani a kan haka a 1971, shi da Trowell suka fitar da littafi a 1975, sannan a 1979 ya rubuta wani don talakawa. Ba duk abin da ya faɗa ne bincike ya tabbatar ba, amma an yarda cewa irin wannan abinci na rage haɗarin sankarar hanji. Saboda haka kada ki raina tuwon dawa da miyar kuka, ko kwaɗon zogale.

Ya rasu ranar 23 ga Maris, 1993, a Ingila, yana da shekara 82.

'Yar uwa, mutumin nan da ido ɗaya ya ga abin da masu ido biyu suka daɗe suna wucewa, don kawai ya tsaya ya duba, ya ƙirga, ya rubuta, ya kuma ba wasu. Ke ma a gidanki ke ce mai fara gani. Cutar ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Kada ki ce tunda an ce ta fi yawa a kudu mu ba ruwanmu. Ana kawo yara da ita asibitocin koyarwa na arewa. Idan kin ga kumburin fuska ko na ciki yana ƙaruwa cikin kwanaki, ko haƙoran yaro suna girgiɗi ba lokacin famfara ba, kada a tsaya sakiya ko ɗora laifi a kan sammu, a garzaya babban asibiti. A ƙasashen da ake zuwa da wuri kuma a kammala magani, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. A wajenmu abin da ke cin yara shi ne jinkiri, da kuma daina zuwa da zarar kumburi ya sace. A daure a kai ƙarshen allurai yadda likita ya tsara, a kuma riƙa kwantar da yara cikin gidan sauro.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.