Muhammadu Bello Mai Wurno: Jagoran da Ya Kafa wa Muhajirai Gari a Bakin Kogin Nilu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa, ya ke 'yar'uwa, duk mai niyyar kwashe iyali da ƙananan yara zuwa wata ƙasa yana da abin lura a tarihin wannan bawan Allah, musamman abin da ya yi bayan ya sauka.

Nasabarsa

Shi ne Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Mahaifinsa ya hau gadon sarauta a ƙarshen shekarar 1902, lokacin da Turawan Ingila suke dab da ƙofar daula.

Dalilin fitarsu

Kano ta faɗi a hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Malamai suka kasu biyu. Wasu suka ga hijira ta wajaba, suna dogaro da abin da Shehu ya rubuta a Bayanu Wujubil Hijra. Waziri Buhari da waɗanda ke tare da shi suka zauna, don kada a bar raunana ba mai tsare musu addini. Ka lura, kowane ɓangare yana da hujjarsa, ba a ce wanda ya zauna ya bar addini ba. Suratun Nisa'i, aya ta 97 zuwa ta 100, ta kwaɗaitar da hijira, kuma ta yi uzuri ga raunana daga maza da mata da yara.

Attahiru ya nufi gabas da niyyar isa Makka. Dubban mutane suka bar gonakinsu a bakin damina suka bi shi, da matansu da 'ya'yansu. Daga cikin manyan da suka haɗu da shi akwai Sarkin Misau Ahmadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Alhaji Umarul Futi.

Burmi da abin da ya biyo baya

Ranar 27 ga Yuli, 1903, sojojin Turawa suka auka wa garin Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yau. Aka kashe Sarkin Musulmi tare da ɗaruruwan jama'arsa. Muhammadu Bello ya tsira, jagorancin waɗanda suka rage ya dawo wuyansa: zawarawa, da marayu, da tsofaffi.

Suka ci gaba da tafiya gabas, a ƙasa da bisa dabbobi. Wajen shekarar 1906 suka sauka a yankin Shaikh Ɗalha, a bakin reshen Kogin Nilu da ake kira Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. Abin lura, Sudan ɗin ma a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila da Masar. Wanda suka guje wa a gida, shi suka tarar a can.

Kafa gari

Bai bar jama'arsa ta watse cikin garuruwan mutane tana roƙo ba. Ya tara su wuri ɗaya, aka yi masallaci, aka share gonaki, yara suka koma kan allo. Garin ya ɗauki laƙabinsa, har yau Mai Wurno ake ce masa. Hukuma ta amince da shi a matsayin shugaban jama'arsa, ana kiransa Sultan.

Garin ya zama zango ga mahajjatan ƙasar Hausa da Borno masu tafiyar ƙasa, kafin su wuce Sawakin su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, mutanen yamma da yawa suka samu aiki a wurin. Ya rasu a can cikin shekarun 1940, sarauta ta ci gaba a gidansa, kuma har yanzu ana jin Fulatanci da Hausa a garin tare da Larabci.

Sai dai baƙunta ba ta ƙare da iyaye ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna zaman iyayensa a ƙasar tun kafin 1898. Wannan ya sa da yawa daga waɗanda ake kira Fallata, har da haifaffun can, suka sha wuya wajen samun takardar ƙasa.

Darasi gare ka

Idan kana Daura, ka san hanyar Kongwalam zuwa Matamaye da Damagaram, wadda ke miƙewa har Agadas. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, akasarinsu daga yankin Kance, maƙwabciyar Daura. Yaro bai zaɓi tafiya ba, kai ka zaɓa masa, kuma kai za a tambaya a kan amanarsa.

Don haka kafin ka ɗaura kaya, ka tabbata hanyar tana da aminci ga rai, kuma kana da takardun zama da za su amfani yaran gobe. Ka san da me za ka ciyar da su. Ka san wane masallaci da wace makaranta za su je, da jama'ar da za ka zauna cikinta. Ka shawarci matarka, ke ma ki faɗi gaskiyar abin da za ki iya ɗauka. Ku yi istihara, ku tambayi malamin da ya san ƙasar. Idan waɗannan ba su samu ba, zama a gida tare da haƙuri ba aibi ba ne.

Allah ya jiƙan Mai Wurno da waɗanda suka yi hijira tare da shi, ya tsare mana zuriyarmu a duk inda suke. Wallahu a'alam.