Alhaji Umaru Salaga: Ɗan Fataken Goro da Ya Zama Marubuci

A shafin tarihin magabata na wannan Juma'a za mu kawo rayuwar wani malami da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa ya fi kusa da mu fiye da yadda muke zato. Bakano ne, ɗan fataken goro, ya bar gida ya zauna ƙasar wasu har Allah ya karɓi ransa a can, kamar dai yadda kakanninmu suka sauko Agege suka kafa zango. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar. A Gana ana ce masa Alhaji Umaru Salaga ko Imam Imoru. Mun zaɓe shi ne saboda wata magana da ake yawan yi a tsakaninmu, wai rubuta littafi aikin 'yan jami'a ne, ɗan kasuwa ina ruwansa. To ga tarihin mutumin da kasuwa da hanya suka koya wa abin da zai rubuta.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Asalin gidansu daga Kabi ne. Mahaifinsa Malam Abubakar malami ne kuma falke, yana fatauci zuwa ƙasar Gwanja, wato arewacin Gana ta yau. Umaru ya sauke Alƙur'ani a Kano tun yana yaro, sannan ya shiga neman ilimi a wajen malaman Kabi da Gobir, ya yi shekaru yana karatun fiƙihu da nahawu da lugga da waƙoƙin Larabawa. Amma bai zauna a zaure kawai ba. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa cikin ayari zuwa Salaga.

Sai mun san irin wannan tafiya kafin mu gane abin da ta saka masa a kai. Babu mota, babu jirgin ƙasa. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna da takarkari, an ɗora musu kanwa da rinannun tufafi da jan fata. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya. A bi ta yamma a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi suna, a bi ta Mango da Yandi kafin a isa Salaga. Wata da watanni ake yi a hanya. Kowane sarki aka shiga ƙasarsa sai an biya kuɗin wucewa, kowane kogi sai an biya fito. In an dawo kuma ga ɗawainiyar goro: a kwance huhu, a zaɓe mai sankara, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a ɗaure. Masu sana'ar goro a cikinmu sun san wannan aiki sarai. Yaron da ya tashi a cikin haka ya ji harsuna iri-iri, ya ga yadda ake ciniki da mutumin da ba ka jin yarensa, ya ga attajiri ya kwana da dukiya ya tashi ba ko wuri.

Littafinsa na farko ma daga buƙatar fatake ya fito. Wajen 1877, lokacin bai wuce shekara 20 ba, ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa. Falken da ya yi wata biyar rabonsa da gida yana bukatar ya aika saƙo ga iyalinsa, ga abokin cinikinsa, ga sarkin da zai ratsa ƙasarsa, kuma kowanne da irin lafazin da ya dace da shi. Umaru ya ga wannan gurbi ya cike shi. Kun ga ke nan alƙalaminsa ya fara ne da yi wa matafiya hidima.

Daga baya ya tare a Salaga gaba ɗaya, wajen 1892. Sai dai ya iske garin ya fara komawa baya. Tun 1874 da Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, goron da ke zuwa daga kurmi ya ragu, ciniki ya soma kaucewa zuwa wasu kasuwanni. Ana cikin haka, a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja, gari ya watse, baƙi suka yi ta ƙaura. A Salaga ɗin ne ya haɗu da wani Bajamushe matafiyi mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa. Shi wannan Bature yana tattara rubuce-rubucen Hausa, Umaru kuwa ya taimaka masa.

Wajen 1896 ya bi sauran mutanen Salaga zuwa Kete-Karaci, wani gari a bakin kogin Balta, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Jamus. An ruwaito cewa da aka yi jayayya kan wanda zai zama limamin zangon, jami'in Jamus mai mulkin wurin ya sa aka gwada malaman da karatun wani babban littafin lugga na Larabci, Umaru ya yi fice, aka ba shi limanci. A wannan gari ya yi sauran rayuwarsa yana limanci, yana karantarwa, yana rubutu. Almajirai suka riƙa zuwa masa daga zanguna daban-daban na Gana da Togo.

A Kete-Karaci ya yi aiki da wani Bajamushe na biyu, Adam Mischlich, wanda ya fara zuwa a matsayin ɗan mishan, daga baya ya zama jami'in mulki. Mischlich yana son ya san Hausa da ƙasar Hausa, sai ya riƙa roƙon liman ya rubuta masa. Nan ne duk abin da Umaru ya tara a hanya ya fito fili. Da ajami ya zauna ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da jihadin Shehu Usmanu, da yadda ake noma, da rini da saƙa da ƙira da jima, da yadda kasuwa take ci, da aure da suna da biki, da sarauta da haraji, da bauta yadda take a zamaninsa. Abubuwa ne da kowa ya sani a lokacin, shi ya sa ba wanda ya damu ya rubuta su. Malamai sun ɗauka alƙalami na fiƙihu ne da wa'azi, fatake kuma sun ɗauka wannan ai hira ce ta bakin zango. Shi da ya haɗa malanta da fatauci ya ga abin ya cancanci tawada.

Yau ga inda aikin ya kai. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. A 1973 wani Ba'amurke mai suna Douglas Ferguson ya yi digirinsa na dakta a kan rubutun da Umaru ya yi game da ƙasar Hausa. Wani farfesa ɗan ƙasar Folan, Stanisław Piłaszewicz, ya shafe shekaru yana nazarin ajaminsa, ya buga littafi a kai a 2000. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai rubuce-rubucensa da aka tattaro daga hannun malamai. Duk mai son sanin yadda talaka ya rayu a ƙasar Hausa kafin zuwan Bature, da wuya ya kauce wa ɗan falken nan.

Wani zai ce, to ai Turawa ya yi wa aiki. Gaskiya ne ya zauna da su, ya rubuta musu, kuma a ƙarƙashin mulkinsu ya yi limanci. Amma mutumin nan dai shi ne ya rubuta dogayen waƙoƙi kan zuwan Nasara, biyu da Larabci wajen 1899 da 1900, ɗaya da Hausa bayan an ci Kano da Sakkwato a 1903. A cikinsu ya yi ta jero garuruwa da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ya nuna yadda baƙin suka shigo da sunan ciniki da lalama kafin su juya su karɓe ƙasa. Garuruwan nan da yawa ya taka su da ƙafarsa ko ya ji labarinsu daga bakin fataken da ke sauka a zango. Ya zauna a hannun masu ƙarfi, bai da bindiga bai da doki, amma ya ajiye shaida a rubuce. Duk wanda ya zauna baƙo a garin da ba shi ke da iko ba zai fahimci irin wannan zama.

Waƙarsa da ta fi shahara a Hausa ita ce ta talauci da wadata. A cikinta ya zana yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ko a cikin danginsa, da yadda ake rububin mai kuɗi ko da ba shi da hali, sannan ya zuga mutane su tashi su nemi na kansu. Wanda bai zauna kasuwa ya ga yadda fuskoki ke sauyawa in jari ya karye ba, ba zai iya tsara ta haka ba. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da ba ƙaramin malami ke taɓa shi ba.

A 1913 ya kama hanyar Makka. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Kafin ya dawo, wajen 1918, duniya ta juya: yaƙin duniya na farko ya kori Jamusawa daga Togo, Kete-Karaci ta koma hannun Ingila. Sai kuma ga annobar mura ta 1918, wadda tsofaffi a Arewa ke kira marisuwa. Ita ma bai bar ta ta wuce ba, ya yi mata waƙa yana bayyana yadda take kama mutum. Ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a 1934, aka binne shi a Kete-Karaci. Bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Balta ya cinye tsohon garin, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Gidaje da kasuwa sun tafi ƙarƙashin ruwa. Takardun da almajiransa suka kwafa suka watsu da su zanguna, su ne suka tsira.

Wani abin lura, a daidai lokacin rasuwarsa ne aka yi gasar rubuta littattafan Hausa na boko ta 1933 zuwa 1934, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya. Waɗanda suka yi fice a cikinta ma ba wanda ya taso da sunan marubuci. Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja malamin makaranta ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar shi ma malamin makaranta ne a Bauchi, kafin ya zama Firayim Minista. A ɓangaren waƙa, Sa'adu Zungur fannin kiwon lafiya ya bi, har ya yi karatu a Kwalejin Yaba nan Legas. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, sai dai ya faɗa a rubuta masa. Kowannensu da ƙofar da ya shigo ta, kuma abin da ya gani a sana'arsa da rayuwarsa shi ya zuba a takarda.

To mu ina namu ya tsaya? Goron da mahaifin Umaru ya yi ta wahalar ɗaukowa daga Gwanja, shi ne dai ya kafa mu a nan. Da hanyar ƙasa ta mutu, aka koma kawo goro ta teku zuwa Ikko. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, manoman wannan yanki suka shiga dasa goro, Agege ta zama babbar matattarar ciniki, Hausawa suka sauka suka yi zango. Yau fiye da shekara ɗari ke nan. Amma a tambayi matashi a Ogba ko Agege wa ya fara limanci a masallacin unguwarsu, ko yaya kakansa ya iso Legas, ko yaya ake cinikin goro kafin zuwan manyan motoci, sai ka ga yana sosa kai. Dattawan da suka san amsar suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowace jana'iza muka raka, da abin da muke binnewa wanda ba za mu sake samu ba.

A cikin sahun nan namu akwai mai goro, akwai mahauci, akwai ɗan canji, direba, maigadi, tela, mai shayi. Akwai iyayenmu mata da suka san tarihin kowane gida. Kowa ya ga abin da wani farfesa bai gani ba. Wanda ya iya riƙe littafin bashi ya iya riƙe alƙalami. Wanda bai iya boko ba ya yi ajami, ai da shi Alhaji Umaru ya yi nasa. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya zaunar da ɗansa ya faɗa masa, ko a ɗauki muryarsa a waya. A fara da abu kaɗan: sunan garinku, shekarar da ka zo, wanda ya sauke ka, sana'ar da ka fara, nawa ake sayar da kaya a lokacin. Yaranmu da ake haifa a nan, waɗanda wasunsu Yarabanci da Turanci suka fi zama a bakinsu, za su nemi wannan wata rana.

Duk wanda ya rubuta wani abu, ko shafi ɗaya ne, ya kawo ofishin sakatare bayan sallar Juma'a, za mu duba mu riƙa sakawa a wannan shafi da izininsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu. Amin.